Wayar da Ke Ce Masa Kada Ya Tsaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana saukowa daga bene ba a riƙe ta ba, sai dai mita, wadda ka san ba ta da magani. Na rubuta da hannuna ne in ɗauki hoto in turo maka, domin duk ranar da na kira ka kan maganar Auta dariya kake yi, ka ce na cika tsoro. Wannan karon don Allah ka zauna ka karanta har ƙasa.

Maganar manhajar ɗan tsakon nan ce da ka sa masa a waya lokacin da ka zo. Ba zan ɓoye alherinta ba. Mutum ɗan shekara talatin da huɗu da bai san ko'ina ba sai ɗakinsa da kujerarsa ta shagon tela inda yake ɗinka maɓallai, yau shi ne mai zagaya unguwa. Kowane taku ƙwayar hatsi ce ga tsakon, shi kuwa ba ya son ya ga ya kwana da yunwa. Tumbin ya sauka, barcinsa ya daidaita, likitar da ke duba shi kan larurar ƙwaƙwalwa ta otizim har tafa masa ta yi. Ni kaina na yi ta sa maka albarka. To amma abin kullum ƙaruwa yake. An fara da taku dubu biyu, yanzu dubu goma sha ɗaya ake nema, kuma yau kwana casa'in da shida ke nan a jere bai fasa ba, ko ana ruwa. Ya huda takalmi biyu. Ɗan yatsan ƙafarsa ya yi ƙurji, da na ce ya huta sai ya nuna mini tsakon ya sunkuyar da kai.

Duk wannan ba shi ya hana ni sukuni ba. Yaya, ka san yadda Auta yake ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ka tuna ranar da Inna ta ce ya sa ido a kan tukunya, muka tarar ya kifa fuskarsa a kan murfi? Ka kuma tuna shekarun da marigayi Baba ya yi yana riƙe hannunsa a bakin titi yana koya masa kalma ɗaya tak: tsaya. Kowa ya faɗe ta, ko tela, ko maƙwabta, sai ka ga ya ƙame kamar an dasa shi. Da wannan kalmar muke sakin jiki mu bar shi ya fita shi kaɗai. To ita wannan manhaja, da ya dakata kaɗan sai tsakon ya yi kuka, murya ta ce masa kada ya tsaya. Na san ƙarfafa gwiwa masu manhajar suke nufi. Shi bai san haka ba. Sau ashirin, sau talatin a yini yake jin ta.

Ranar Talatar da ta wuce da la'asar ina dawowa daga makaranta da jan biro da takardun yara a hannu, na hango shi a kwanar kantin magani. Wata motar kaya tana ja da baya, shi kuma idonsa na kan waya. Na ƙwala masa kira na ce ya tsaya. Ya tsaya, wallahi ya tsaya. Amma motar ba ta gama fitowa ba tsakon ya yi kuka, sai na ga ya ɗaga ƙafa. Wani mai facin taya ne ya fizgo rigarsa ta baya har ta yage. Takarduna kuwa sai a kwata aka tsinto su.

Kada ka ce in ƙwace wayar, na gwada tun kafin ya fara jera kwanakin nan. Yini biyu bai ci abinci ba, yana ta kai da komo a falo yana cizon hannunsa, har Inna ta yi kuka ta ce in mayar masa. Na nemi in kashe muryar ko in rage takun, sai aka ce sai da lambar sirrin mai kula, kai ne kuwa ka sa ta. Na zaunar da shi a kicin na ce in mutum ya ce tsaya, maganar mutum ce a gaba. Ya daɗe yana jera cokula bai dube ni ba. Can ya ce ai Baba ne mai cewa tsaya, kuma Baba ya daina magana, tsako kuwa kullum yana magana.

Ranar Asabar zai cika kwana ɗari, kuma sun sa masa kyauta, wani tauraro a taswira da sai ya taka ya je wurinsa zai samu. Na duba da idona. Tauraron yana wancan hayin babban titi, inda manyan motoci ba sa rage gudu, kuma gadar masu tafiya a ƙasa tana can nesa. Zan bi shi ƙafa da ƙafa, amma ka san ya fi ni ƙarfi, yanzu kuma, albarkacin tsakonka, ya fi ni sauri. Ina jin tsoro, Yaya. Ka turo lambar nan yau. In ka manta ta, ka nemi masu manhajar ka dame su har sai sun amsa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina ramewa a hoto. Gwaggo da tela suna gaisuwa. Ka gaida mini Anti, da 'Yar Baba, da tagwaye. Auta ma ya ce a gaishe ka, a kuma faɗa maka saura kwana huɗu. Ya riga ya goge sabon takalminsa ya ajiye a bakin ƙofa.

Wassalam,
Ƙanwarka Malama