Taɓaryar Kaka tana ƙasa

Umma,

Don Allah kafin ki cire mayafi ki sauka wajen Hajiya Talle, wadda ke zaune a ƙasan benen nan. Taɓaryar Kaka tana hannunta.

Bayan fitarki na ga yaji ya ƙare, sai na jawo turmi tsakiyar falo, tunda kwalayen littattafaina sun cike kicin. Na hau daka kamar yadda muka saba a tsakar gidanmu na Jalingo. Ban ankara ba sai ga Hajiya a bakin ƙofa, ɗankwalinta ya yi fari fat da ƙura, tana riƙe da kwanon kokon mijinta, ɓallin siminti a ciki. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi muka yi maku? Daga tarewa?" Wallahi ko gaishe ta ban yi ba. Ta zare taɓaryar, ta ce in uwata ba ta zo ba kafin la'asar, mai gidan haya zai ji.

Na tafi kai takarduna sabuwar makaranta. Ki yafe mini, Umma. Sam ban kawo a raina ba cewa ƙasan ɗakinmu rufin ɗakin wasu ne.

Baraka