Ta Ɓangaren Dama

Litinin, 1 ga Satumba

Kwana goma sha tara da faɗuwar Umma, tara da sallamo mu daga asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ƙarama. Hannun hagu ba ya riƙe kofi, baki ya karkace ta hagun, magana tana fita da nauyi.

Auta ba ta sani ba. Tana can nesa gidan mijinta da cikin wata bakwai, bayan ɓari biyu, an kuma hana ta doguwar tafiya. Tun muna asibiti Umma ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa mata ba. Na yi. A ranar ko me ta roƙa zan yi.

Inda matsalar take, shekara biyu ke nan kullum da safe ina tura wa Auta hoton Umma. In na daina za ta gane. Don haka nake ɗauka ta ɓangaren dama: kujera a bakin taga, fuska tana kallon waje, hannun hagu cikin mayafi. Ta nan Umma ce sak, ba abin da ya taɓa ta.

Laraba, 3 ga Satumba

Na koma aiki. Shekara goma sha ɗaya ina tace hotuna a gidan jarida, yau kuma na mayar wa wani wakilinmu da nasa. Ya yanke gefen da kujeru suke babu kowa, taron mutum talatin ya koma kamar na dubu. Na ce masa abin da aka yanke shi ma labari ne. Har rubutawa ya yi a littafinsa.

Da azahar na zauna a teburin nan dai na yanke sandar Umma daga hoton da zan tura gobe da safe.

Asabar, 6 ga Satumba

Yau jikin da sauƙi, sai Umma ta ce a yi hotunan mako guda gaba ɗaya, tunda ba kullum take iya zama ba. Ɗankwali biyar, mayafi uku. Ni nake ɗaura mata, tana gyara ni da hannu ɗaya. Hoda ma ta sa na shafa mata.

"Ɗaga wayar sama, 'yar jarida. Kin ba ni haɓa biyu."

Sai da ta maimaita kafin na gane, amma ta yi dariya. Rabonta da dariya tun kafin faɗuwar.

Tsakanin kowane ɗankwali ina matsar da kujerar kaɗan, ina jan labule, don kada hasken ya zo iri ɗaya. Wannan ba Umma ta ce ba. Ni na yi tunaninsa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na share kicin sau biyu. Na buɗe littafi, shafi ɗaya na karanta sau uku.

Talata, 9 ga Satumba

Auta ta gaji da hoto. Ta ce muryar Umma take so. Na riga na ƙarar da uzurin mura, na ƙarar da ciwon haƙori, rashin sabis kuwa har ta fara yi mini ba'a da shi.

Muka shirya bidiyo. Jimla ɗaya: lafiyata ƙalau, ki kula da kanki. Sau goma sha ɗaya muka ɗauka. "Ƙalau" ɗin ce take maƙale mata. A na ƙarshe ta juya kai ta ce a bari, gumi ya jiƙa mata wuya.

Na zaɓi na tara, daƙiƙa huɗu. A shi na kunna fanka kusa da wayar, ƙararta ta rufe nauyin harshen. Auta ta amsa da cewa mu sayi sabuwar fanka.

Umma ba ta ci abincin rana ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

A ofis ina jiran edita ya fito daga taro, sai na shiga duba hotunan da Auta take turo mana. Ban taɓa kallonsu da idon aiki ba.

Kwana goma, duk daga wuya zuwa sama. Farin matashi guda. Hasken daga sama yake zubowa, irin na doguwar fitila, ɗakinta kuwa na san taga ce a gefen gado. Na buɗa na ranar Litinin da yatsu biyu: a kusurwar ƙasa akwai ƙarfen gado. A na jiya tana gyara ɗankwali, bakin filasta ya leƙo a bayan hannunta.

Na fita bakin matakala na kira mijinta. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, har aikina da zafin gari ya tambaya. Na ce masa wane asibiti. Ya faɗa. Kwana goma sha biyu da kwantar da ita, jininta ne ya hau. Ta sa shi ya rantse kada Umma ta ji, wai Umma ba ta da ƙarfin zuciya.

Ban gaya masa namu ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa Allah ya ƙara sauƙi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na nuna wa Umma hoton Auta na yau. Ta ce yarinyar nan kullum a kwance, ragwanci tun tana ƙarama, mai ciki ai tafiya take yi. Auta kuma ta rubuto cewa Umma ta yi kyau, amma me ake rabawa a wajen tagar nan da kullum can take kallo.

Na tura wa kowacce dariya.

Na zaga layinmu sau uku da yamma, ban sayi komai ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Mijin Auta ya kira. Jinin ya ƙi sauka, likitoci sun ce ranar Alhamis za a yi mata aiki a ciro jaririn. Ya ce kada in damu, da muryar wanda bai yarda da maganarsa ba.

Bayan awa ɗaya Auta ta kira da kanta. Ba ta ambaci aiki ba.

"Yaya, gobe ki haɗa ni da Umma a bidiyo. Ko ba ta yi magana ba. In gan ta kawai."

Umma ta yarda, da sharaɗin ni zan riƙe wayar, kuma in tsaya inda na saba tsayawa.

Alkawari biyu yanzu, ɗaya na ɗauka, ɗaya ban ɗauka ba amma ina riƙe da shi. Alhamis gata ce.

Talata, 16 ga Satumba

Ƙarfe goma muka kira. Kujera a wurinta, ni a dama. Auta ta kawo wayarta dab da fuska, tana ta zuba, Umma tana gyaɗa kai, fuska a taga, tana kallon wayar ta wutsiyar ido.

Hannuna ya gaji. Na canja hannu, na gyara tsayuwa, wayar ta zo gaban Umma sosai.

Auta ta tsaya a tsakiyar magana. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Umma." Daga nan ta miƙe hannu ta ja tata wayar baya, har ledar ƙarin ruwa ta fito, da ƙarfen gadon, da mijinta a tsaye a gefe.

Umma ta matso. Ta zaro hannun hagu daga mayafi da na dama, ta ɗora shi a cinya.

"Ke ma?" ta ce. Wannan ta fita sarai.

Sun yi kuka, ba mai yawa ba. Sai faɗa. Kowacce tana cewa ɗayar ce ta fara ɓoyewa, Auta tana cewa a maimaita mata in ba ta ji ba, Umma tana maimaitawa ba tare da ta juya kai ba. Na jingine wayar a jikin fulas na fita tsakar gida. Nas ta gwada jinin Auta bayan sun gama, bai ƙaru ba. Umma ta ci abinci, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Har yanzu ba ta ce mini komai ba. In ta tambaya, zan ce waya tana da nauyi in an daɗe ana riƙe da ita. Na duba, lokacin da na canja hannun ba mu kai minti biyu da farawa ba. Kiran da na yi wa mijin Auta da safe na ce ya tsaya kusa da ita, ya kuma nemo nas, wannan ko wa zai yi.