Ba Zan Huda Rumbuna Ba

Asabar da dare, Dayi

Na iso gida daga Zariya da ɗan rumbuna a cikin kwali, har yanzu raina a ɓace yake. An ce mu 'yan shekarar farko a sashen zanen gine-gine kowa ya ƙera ƙaramin samfurin gini. Abokaina suka yi ta yanka kwali suna haɗa benaye. Ni kuwa na kwaɓa yumɓu na gina irin rumbunmu, na ɗora shi kan duwatsu, na yi masa jinka.

Malamin zane ya jujjuya shi, ya ce, "Ina ƙofa? Ka huda masa ita kafin Litinin, in ba haka ba ka faɗi."

Da na gaya wa Baba, sai ya ajiye lomarsa. "Ƙofa a rumbu? Awaki malamin naku zai ciyar?"

Shekara nawa ina shiga ta sama ina ɗebo wa Inna dawa? Ran Litinin zan ɗaga jinkar a gabansa ya leƙa da idonsa. In ya ga dama ya kayar da ni, amma ɗan Dayi ba zai gina rumbun da ɓera zai shiga a tsaye ba.