Baba ya ajiye sandarsa saboda karena

Daga inbos. An ɓoye suna kamar yadda mai saƙon ya nema.

Assalamu alaikum jama'ar wannan grup. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Na san wasu da sun ga maganar kare ce za su yi dariya su wuce, ni ma da wani ne ya rubuto da na yi dariyar, amma wallahi abin ya hana ni sakat.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Bici da Kunci, irin ƙauyukan nan namu da gona ke manne da gona, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da tsadar nan ta kai kowa bango, sata ta yi yawa a wajenmu, mu ma aka kwance mana awaki da ragon da matata take kiwo, muka wayi gari sai igiyoyi a turke. Ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, don kiwon nan shi ne takinmu, shi ne asibitinmu. Da zafin abin na je na karɓo ɗan kwikwiyo baƙi a wata ruga, muka sa masa suna Duna.

A nan na yi kuskuren da nake kuka da shi yau. Wani abokina mafarauci ya ce min kare in ya saba da mutane ya tashi daga aiki, ɓarawo zai zo yana kaɗa masa wutsiya. Ya ce in kulle shi a ɗakin da nake ajiye harawa, ɗakin da ko taga babu, kar kowa ya gan shi sai ni, in riƙa daka gidan rina da barkono ina zuba masa a abinci wai zuciyarsa ta yi zafi. Duk wannan mai sauƙi ne. Bayan kwana bibbiyu abokin nan nawa zai zo ya naɗe fuska da rawani, ya shiga da sanda, ya ƙwanƙwasa ƙasa sau uku sannan ya zane shi, ni kuma in shigo daga baya da tuwo, don ya san duk duniya ni kaɗai ne nasa. Wata biyar muna wannan, ina tsaye a bakin ƙofa ina jin kukansa, ina ce wa kaina ai tarbiyya ce.

Da muka fito da shi sai na ga abin da muka haɗa. Ashe ba jarumi muka yi ba, matsoraci muka yi mai haƙora. Baƙo na sallama zai cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, jikinsa na ɓari har fitsari ya kufce masa, in aka matso kuma ya yi kukan kura. Matan da ke sayen ƙuli-ƙuli wajen matata duk suka ɗauke ƙafa. Amma ba a sake taɓa mana ko kaza ba, shi ya sa na kawar da kai.

Bara Inna ta rasu, idon Baba kuma ya ƙarasa mutuwa, sai bana na ɗauko shi ya dawo gidana. Baba malami ne, rabin garinmu a gabansa suka yi karatun allo, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya rasa jam'i yana da lafiya ba. Da sandarsa yake ganin hanya, yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙasa. Ni kuma wallahi ko kaɗan kaina bai kawo ba. A satinsa na farko ya fito zai tafi la'asar, sandar ta bugi ƙasa sau uku a tsakar gida, Duna ya tsinke igiya ya cafki rigarsa, Baba ya faɗi a kan turmi ya gurɗe hannu. Allah ya tsare haƙori bai shiga jiki ba.

Yayana da ke zaune a Bacirawa cikin Kano ya zo washegari, ya wanke ni tas a gaban matata. Ya ce na fifita najasa a kan mahaifinmu, ya ce ko in ba karen guba ko in miƙa shi ga mutanen nan da ke zuwa da mota ranar kasuwa suna sayen karnuka, kuma duk mun san inda suke kai su. Na nemi mai karɓa kyauta, ba wanda ya yarda, har mafaraucin da ya koya min ya ce shi ba ya son mahaukacin kare. Na gwada ɗaure shi a gona, to can ma kowane makiyayi da sanda yake wucewa, na ga zan jawo wa kaina shari'a na dawo da shi.

Sai na je Bici wajen wani malamin dabbobi, ya biyo ni ya yi masa allura, ya zauna ya kalle shi da kyau. Ya ce wannan ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma duka ƙara shi yake yi. Ya ce in ajiye sanda a ƙasa can nesa in ba shi abinci, kullum in matso da ita kaɗan, in ya fara ɓari in koma baya, in koya masa zo da zauna da murya mai sanyi, in bar shi ya riƙa hango mutane daga nesa ba tare da an kula shi ba. Na ce zuwa yaushe, ya ce watanni, kuma ba zai yi min alkawarin zai warke duka ba. Abincin da zan riƙa ba shi lada ma aiki ne, mu kanmu sau biyu muke ɗora tukunya, ƙanzo nake ɓoye masa a aljihu.

Da malamin dabbobin ya tafi sai na kasa riƙe abin a cikina, na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, har rawanin da ƙwanƙwasa ukun. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Kai ka zuba masa tsoron nan da hannunka, yanzu kuma ka sayar da shi a yanka da tsoron a cikinsa? Me za ka faɗa wa Allah?" Ya laluba ya ɗauko sandarsa ya miƙo min, ya ce, "Ungo, ka yi masa karatun da wannan. Ran da ya sauke ka dawo min da ita." Har da 'yar dariyarsa. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, na gode Allah da ba ya gani.

Yau sati uku ke nan. Duna yana zuwa in na kira, yana zama, yana cin abinci sandar na kwance kamar taku goma daga gare shi. Amma shekaranjiya na gwada buga ta a ƙasa sau ɗaya tak, ya koma kamar ranar da muka fito da shi. Baba kuma ya zama ɗan ɗaki. Asuba da magariba da isha'i ina riƙe hannunsa mu je, amma damina ce, ina gona tun safe, azahar da la'asar a ɗaki yake yi shi kaɗai, kuma ya ce ban da ni ba wanda zai ja shi a cikin garin da ya karantar. Ƙafafunsa sun fara kumbura saboda zama. Na kai masa sandar har sau biyu, ya ce a'a, ɗalibin bai sauke ba.

Yaya ya bugo waya ya ce ranar kasuwa mai zuwa ko karen ya bar gidan, ko ya zo ya ɗauke Baba ya kai shi Bacirawa, ɗakin haya, inda bai san ko hanyar banɗaki ba. Matata ta ce duk abin da na yanke daidai ne, amma na ga yadda take kallon 'yan awaki biyun da muka sake haɗawa da ƙyar.

Jiya na dawo gona da wuri, ana kiran la'asar, na hango Baba daga zaure. Ya miƙe, ya kai hannu gefen ƙofa inda ya saba jingine sandar, ya shafa bango, ya sake shafawa, sannan ya tuna, ya koma ya zauna a kan buzunsa. Na tsaya a zauren na kasa shiga.

Jama'a ya zan yi? In miƙa karen a yanka in saɓa wa Baba, bayan ni na mai da shi haka? Ko in ci gaba da horon da ba a san ranar gamawarsa ba, tsoho na zaune a ɗaki yana biyan laifin da ba shi ya yi ba? In akwai wanda ya taɓa raba kare da irin wannan tsoron, don Allah ya faɗa min yadda ya yi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Kwana biyar suka rage, kuma ina so in mayar wa Baba sandarsa.