Jirgin da Bai Juya Ba

Turai, Afrilu 1963

Zuwa ga iyalina Zulaihatu, a gidan Malam Tukur, Kudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Uwaliya. Yaya jikin Inna? Ki miƙa gaisuwata ga mahaifinki Malam cikin ladabi.

Mun iso lafiya daga Ikko, ni da ƙanenki Gambo. Sojojin ruwan da aka turo koyon aiki an rarraba su a jirage daban-daban, mu biyu Allah ya haɗa mu a jirgi ɗaya. Zulai, ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Jirgin ruwa ne, amma jiragen sama yake ɗauka. Bayansa shimfiɗe yake kamar filin idi, a nan suke tashi, a nan suke sauka. Mutanen da ke cikinsa sun fi mutanen garin Gazara yawa. Har yau ina ɓata hanyar ɗakin cin abinci.

Ni an sa ni can ƙasa, wurin tukwanen tururi masu tura jirgin. Gambo yana sama, cikin masu kula da igiyoyin ƙarfe. Idan jirgin sama ya zo sauka, akwai ƙugiya a wutsiyarsa da take kama igiyar, ita ke tsayar da shi kafin ya faɗa ruwa. Aikin ya shiga ransa ƙwarai. Ya ce in gaya miki ya yi ƙiba, wannan kuwa ba gaskiya ba ne, abincinsu ba yaji.

Na tambayi hafsanmu ko Nijeriya za ta sayi irin wannan jirgi, tunda a kansa ake koya mana. Ya yi murmushi ya ce su ma da suka ƙera shi nishi suke yi da ɗawainiyarsa. 

Ki riƙa karanta wa Inna wasiƙun nan, shi ya sa nake rubuta su da ajami.

Naki har kullum,
Iliyasu.

Turai, Yuli 1963

Zulaihatu,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na yi murna da jin Uwaliya ta fara tafiya, da kuma cewa damina ta yi kyau. Allah ya sa raken Malam ya yi albarka.

Kin tambayi ƙasashen da muka gani. Ba mu ga ko ɗaya ba. Tun zuwanmu jirgin yana tasha ana gyara. Sau ɗaya muka fita, majajjawar tururin da ke cilla jiragen sama ta ƙi aiki, muka dawo. Aka gyara ta, sai tukunya ɗaya ta tsage. Ina fita daga ɗakin inji baƙi ƙirin, tufafina jiƙe da gumi, jirgin kuwa yana nan inda yake.

A fitar da muka yi, wani jirgin sama ya sauka a karkace, ƙafarsa ta karye, ya tare hanya, ga wasu a sama mansu na ƙarewa. Matuƙin ya fito lafiya. Sai aka ba da umarni, su Gambo suka tura jirgin cikin teku. Wani tsohon ma'aikaci ya gaya masa cewa gyaɗar gundumarmu gaba ɗaya ba za ta sayi wannan jirgi guda ba. Ranar Gambo bai ci abinci ba. Ya ce mini: "Yaya, na tuna Inna tana bin shara tana tsintar ƙwayar gyaɗa bayan an gama sussuka." 

An ce wata mai zuwa za mu tashi zuwa gabas. Ki taya mu da addu'a.

Mijinki,
Iliyasu.

Bahar Maliya, Oktoba 1963

Zulaihatu,

Ina gaishe ki da duk mutanen gida. Ina lafiya, Gambo ma haka, sai dai zafi. Can ƙasa inda nake, mutum kan suma a tsaye.

An turo mu ne saboda wani rikici da ya tashi a wata ƙasa ta gaɓar tekun nan, wai ganin jirginmu kaɗai zai sa a ajiye makamai. A hanya injin tace ruwan sha ya lalace, muka tsaya gyara. Kafin mu iso an gama kashe waɗanda za a kashe. Daga kan jirgi muka hango hayaƙin garin. Muka yi ta kewaye a ruwa, jiragen sama suna tashi suna dawowa, ba su da abin yi.

Yanzu an ce wasu manyan baƙi za su zo kallo, don a nuna musu jirgin bai zama asara ba, domin can ƙasar masu jirgin ana ta gardama a kan kuɗin da yake ci. Ana ta fenti da goge-goge. Su Gambo ba sa hutawa, sauka da tashi tun safe har yamma. Hannuwansa duk sun tsattsage. Ki ce wa Inna in da hali ta aiko masa da man kaɗanya.

Ina kewarki, Zulai, fiye da yadda takarda za ta ɗauka.

Naki,
Iliyasu.

Bahar Maliya, Nuwamba 1963

Zuwa ga surukina kuma uba a gare ni, Malam Tukur, Kudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah gafarta Malam, ina durƙusawa da gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta iyali.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, Allah ya karɓi ran Gambo ranar Laraba da hantsi. Wataƙila wayar gwamnati ta riga ni isowa, amma ita ba za ta faɗi yadda aka yi ba, ku kuwa kun damƙa mini shi a tashar Zariya.

Ranar ce wasu manyan baƙi suka zo kallon jirginmu. Wani jirgi ya sauka, ƙugiyarsa ta kama igiya, igiyar ta tsinke ta yi bulala a kan filin. Ta sami mutum uku. Biyu sun rasa ƙafafu, Gambo ta same shi a ƙirji. Ina ƙasa lokacin, ba a kira ni ba sai da aka kai shi ɗakin likita. Na same shi da sauran numfashi. Na karanta masa kalmar shahada, leɓɓansa suna bi. Ana haka rai ya yi halinsa.

Na roƙi hafsanmu a kai shi tudu. Akwai garin Musulmi kusa, an ce tafiyar yini ce. Ya kai maganar sama, ya dawo ya ce jirgi irin wannan ba ya barin hanyarsa saboda mutum ɗaya, man da zai sha kaɗai sai an ba da bayaninsa a ƙasarsu. Na ce to ga jirgi mai saukar ungulu, wanda ya kawo baƙi. Ya ce shi ne zai mayar da su. Bai faɗa da wulaƙanci ba, idanunsa ma sun kawo ruwa.

Ni na yi masa wanka kamar yadda kuka koya mana. Likita ya ba ni farin ƙyalle mai tsabta na yi likkafani. Wasu Musulmi biyu, mutanen birnin Adan masu aikin wanki a jirgin, suka tsaya bayana muka yi masa salla. Na kwantar da shi bisa damansa yana fuskantar alƙibla, wadda a nan take kusa. Sai ma'aikatan jirgin suka ɗinke shi cikin tamfol, suka sa ƙarfe a ƙafafunsa, aka zura shi cikin ruwa.

Malam, tambayata ke nan. Na taɓa ji a zaurenku cewa wanda ya rasu a teku ana jefa shi ne idan ba a sa ran isa tudu ba, kuma wasu malamai sun ce kada a nauyaya shi, ko ruwa ya kai shi gaɓa Musulmi su rufe shi. Mu kuwa tudu yana kusa, ƙarfen ma ina tsaye aka sa. Shin jana'izar nan ta inganta? In akwai abin da ya rage a kaina, ku faɗa mini in yi.

Jiya aka sanar da mu cewa in mun koma Turai za a ajiye jirgin, gwamnatinsu ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙe shi ba. Mu za a maido mu Ikko. Zan nemi izini in zo gida da kayansa.

Ban rubuta wa Zulaihatu ba, na kasa. Ina roƙon ku gaya mata da bakinku. Inna kuma na san za ta tambayi inda aka sa shi. Na je wurin hafsan da ke riƙe da taswira na roƙe shi ya nuna mini. Ya duba, ya ɗora yatsa a tsakiyar shuɗin ruwa. Na tambayi sunan wurin, ya ce ba shi da suna.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Ɗanku mai biyayya,
Iliyasu.