Kabarin Lami a Kufanmu na Challawa

Zuwa ga Gwaggo Rabi,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya jikinku, yaya Alhaji da yara, yaya zaman Jidda? Mu nan lafiya, alhamdulillahi.

Gwaggo, an ba kamfanin fasa dutse gonarmu ta kufai. Kafin su fara, malaman jami'a masu binciken tarihi sun yi sati uku suna tono. Sun sami tsofaffin tukwane da duwatsun niƙa, sun kwashe a akwatuna. Na daure na gaya wa babbansu cewa jaririyarku Lami tana kwance a wurin. Sai ya ce, "'Yata, gaya wa babanki ya ɗauke ta kafin a sa nakiya."

Baba ya tona wuri uku bai same ta ba. Ya dawo ya kasa cin tuwo, yana cewa, "Bayan ɗakin Rabi ne, to ina ɗakin yanzu?"

Don Allah ku rubuto da wuri: taku nawa ne daga tsohuwar rijiya, kuma ta wane gefe? Bayan Sallah za su fara fasa dutsen.

Inna tana gaishe ku. Ku yi mana addu'a a Harami, Allah Ya nuna mana ita kafin ranar.

'Yarku,
Hadiza