Basir ɗin Baba Ya Wuce Jiƙo

Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da Gwaggo Asabe da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya, in ban da jikin Baba.

Basir ɗin nan ya tsananta. A karkace yake zaman tahiya, jinin kuma bai tsaya ba. Tsoron wuƙa ya sa kullum yake aikawa Sabon Gari a sayo jiƙon masu lasifika, waɗanda gorarsu ɗaya ke maganin komai.

Na yi ta karatu a waya, sannan na tambayi likita, don kada ni ma in zama mai lasifika. Ya ce akwai aikin da ba yanka. Siririyar allura ake sawa, zafin da wata na'ura ke turawa ta cikinta ya sa kumburin ya motse, yawanci a ranar ake komawa gida. Amma sai ya duba Baba tukuna, don ba kowane jini ne basir ba.

Da na kawo maganar, Baba ya ce, "Kai Nasiru, ni za ka yi wa zancen wannan wurin? Tashi ka fita." Ka san bakina. Na ce masa kunya ba za ta tsayar da jinin ba. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata.

Baffa, kai ne wansa, ba ya musa maka. Don Allah ka kira shi. Ni nawa in samo Keke Napep, in kai shi asibiti, in tsaya a waje.

A gaida kowa, a sa Baba a addu'a.

Ɗanka,
Nasiru.